Ƙwayar Farfesa Gudaji

Duk wanda ya ce Samaru ba ta da manyan mutane, bai taɓa tsayawa a bakin titi da ƙarfe tara da rabi na safe ba, lokacin da motar Farfesa Aaron Kefas Bawa take wucewa. Motar ba ta sauri. Masu Keke Napep suna wuce ta, mai tura baro ma in ya karya da kyau yakan jera da ita har kasuwa. Farfesa ya taɓa bayyana dalili a taron malamai. Ya ce ƙwaƙwalwa irin tasa ba a jijjiga ta a kan ramukan hanya, domin ba tasa ba ce shi kaɗai, dukiyar ƙasa ce aka ba shi ajiya.

Mu mutanen Samaru mun gode wa Allah da ya ajiye mana wannan dukiya kusa da gida. Wasu garuruwan sai dai su ji labari.

Ga wanda bai san aikin Farfesa ba, bari in yi ƙoƙari, ko da yake shi ya ce mutum uku ne kawai a duniya suka fahimce shi, kuma biyu sun rasu. In ka tuge wake ko gyaɗa ko waken suya, za ka ga waɗansu 'yan gudaji manne a jikin saiwar, kamar ƙwayar dawa. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Su ne suke zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta ba su abinci da masauki. In ka fasa gudajin ka ga cikinsa ja, to suna kan aiki. Taki ne kyauta, ba layi, ba ɗan siyasa. Kakanninmu sun san cewa gonar da aka yi wake a cikinta bana, dawa za ta yi kyau a cikinta baɗi. Amma ba su san dalili ba, kuma a cewar Farfesa, sanin da ba shi da dalili jahilci ne da ya yi sa'a.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana kan waɗannan gudaji, shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Farfesa Gudaji. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Gyara ɗaya kawai ya yi, ya ce a riƙa ƙarawa da “na Afirka”.

Abin da ya ɗaga shi sama ya faru ne a 1991, yana matashin malami. Ya ciro wata ƙwaya daga saiwar waken suya, ya raine ta a kwalba, ya raɗa mata suna AKB-1, wato haruffan sunansa. Lamba ɗayan kuwa, ya ce don a bar wa na baya wuri ne, in Allah ya ga dama ya sake yin irinsa. Ana haɗa ƙwayar da wani baƙin gari a shafa wa iri kafin a shuka, sai waken ya yi gudaji, ya yi kore, ya yi 'ya'ya, ba tare da takin zamani ba. A kan AKB-1 ya zama Dakta, a kanta ya zama Farfesa. Ta kai shi ƙasa goma sha ɗaya, kuma yana iya jera maka su da sunan otal ɗin da ya sauka a kowace.

Kada ka ɗauka girman ya sa ya manta da talakawa. Ran Asabar yakan shiga kasuwar Sabon Gari da kansa, ya tsaya gaban mai sayar da wake, ya ɗebo a hannu, ya tambaye ta ko ta san wanda ya ciyar da wannan wake tun yana ƙasa. In ta ce Allah, sai ya ce haka ne, amma ta hannun wa? A cocinsu kuma, ranar bikin godiya na kaka, an taɓa ba shi minti biyar ya yi addu'a a kan amfanin gona. Ya yi minti hamsin. Har kajin da aka kawo baiko suka yi barci a gaban bagadi.

Ko rigarsa ta ɗakin gwaji ba irin ta kowa ba ce. Wani tela a Sabon Gari yake ɗinka masa ita da farar shadda, da aiki a wuya, da sunansa a aljihu da zaren zinariya. Ban taɓa ganin ɗigon komai a jikinta ba. Masu hassada suna cewa ai rigar ba ta taɓa shiga ɗakin gwajin ba ne, amma ka san halin masu hassada.

Koyarwa kuwa, nan ne hasken yake. Farkon kowane zango yakan shiga aji, ya jira a miƙe, ya jira a zauna, sannan ya ɗaga yatsa.

“Ku dubi saiwa da ƙwaya,” in ji shi. “Wannan ta ba wannan, waccan ta ba waccan. Babu mai cin gumin wani. Wannan shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kuma shi ne tsarin rayuwata gaba ɗaya. Wanda ya fahimci abin da na faɗa yanzu, ya gama wannan kwas. Sauran bayanai ƙanana ne, Susanna za ta yi muku.”

Daga nan ba za su sake ganinsa ba sai a hoto. Sauran makonni goma sha uku na ƙananan bayanai, da gwaje-gwaje, da jarrabawa, da makin takardu ɗari uku da wani abu, duk Susanna ce.

Susanna James ɗalibarsa ce ta digiri na uku. Malama ce a wata makarantar 'yan mata a Jushi, tana zaune a Dogarawa, kullum sai ta shiga mota biyu kafin ta iso Samaru. Da cikin 'yarta Sharon ta fara wannan karatu. Yanzu Sharon tana aji biyu na firamare, har tana gyara wa uwarta lissafin canji a wurin mai kayan miya. Aikin da Farfesa ya ba Susanna mai sauƙi ne: ta gwada AKB-1 a gona, ta kwatanta ta da ƙwayoyin da ke cikin ƙasar manoma, ta tabbatar wa duniya abin da duniya ta riga ta sani.

Matsalar ita ce waken bai ba da haɗin kai ba. An ba Susanna wani fili can bayan gonar gwaji, ƙetaren rafi, inda mota ba ta zuwa. Damina uku a jere ta shuka. Kunyoyin da ta shafa wa AKB-1 suka fito rawaya, saiwa babu gudaji, ba su da bambanci da waɗanda ba a sa wa komai ba. Kunyoyin da ta shafa wa wata ƙwaya da ta samo daga gonar ƙauyensu kuwa suka yi kore, gudaji cunkus. Ta rubuta abin da ta gani, ta kai masa kundin binciken. Farfesa ya ce ta ƙara damina. Ta ƙara. Ya ce ta sake ƙarawa, ta sake. Waken dai bai canza ra'ayi ba.

Farfesa kuma yana da hujja, kuma hujjar tana bakin titi kowa yana gani. Yana da nasa filin na nuni, an kewaye shi da waya, da allo mai ɗauke da sunansa da digirorinsa a layi uku. Kowace damina ana shuka waken suya da AKB-1 a wurin, kuma kowace damina filin yakan yi kore shar, kore mai duhu, har masu wucewa a mota suna leƙowa. Mai kula da filin wani dattijo ne, Baba Yunana, leburan gona da ya fi yawancin malaman sashen daɗewa. Shi ke riƙe da mabuɗi. Ba ya yawan magana, in ka gaishe shi ya amsa, in ka yaba filin ya ce aikin Maigida ne.

A watan Agusta na bana takarda ta zo wa Susanna daga ofishin karatun manyan digiri. Shekararta takwas ta cika. In ba ta miƙa kundi da sa hannun malaminta ba zuwa talatin ga Satumba, za a soke sunanta, ta tashi a tutar babu. Ta ɗauki takardar ta nufi ofishin Farfesa, ta jira awa biyu a baranda, sannan aka ce ta shiga.

“Yallaɓai, sun ce talatin ga Satumba. In babu sa hannunka za su cire sunana.”

“Zauna, Susanna. A'a, ba wannan kujerar ba, ta baƙi ce.”

Babu wata kujerar, sai ta ci gaba da tsayuwa.

“Kin san shekara nawa dutsen Kufena ya yi kafin ya zama dutsen Kufena?” in ji Farfesa. “Ba ki sani ba. To ni ma da kike gani ba a damina ɗaya aka yi ni ba. Kundinki ya ce AKB-1 ba ta yin gudaji. Filina na bakin titi ya ce tana yi. Tsakanin ɗaliba da shekara talatin da huɗu na bincike, wa kike so duniya ta gaskata? Ki ƙara damina ɗaya.”

“Yallaɓai, babu wata daminar kafin Satumba.”

“Wannan kuma sai ki kai ƙara wurin Mai damina.”

Ta yi ta maza. “To Yallaɓai, ko za ka bar ni in tuge guda ɗaya a filinka, in ga saiwar? Wataƙila in gane inda nake kuskure.”

Farfesa ya cire tabarau ya ajiye a hankali. “Tugewa? A filina? Kin taɓa ganin an tone harsashin coci don a duba ko akwai siminti? Ginin da yake tsaye shi ne shaida. Ganye ya yi kore, magana ta ƙare. Af, kafin ki tafi, takardun 'yan aji uku suna kan tebur.”

Ta kwashi takardun ta fita. A gindin dalbejiyar da ke bayan sashen ta zauna ta yi kuka sosai, irin kukan babban mutum da ba ya son a ji. Shekara takwas! Ni kaina abin ya ƙona mini rai, amma wa ya tambaye ni? Da ta gama ta share fuska, ta ciro jan biro ta fara maki.

Ana cikin haka sai ga labari mai daɗi. Wata gidauniya a Ibadan tana son ta riƙa ƙulla garin ƙwaya a 'yan ledoji ta raba wa manoman waken suya a jihohi shida, kuma za ta turo jami'arta ta ga AKB-1 da idonta. Farfesa ya ce dama ya san ranar nan za ta zo, ya dai yi mamakin jinkirin duniya. Ya sa aka shirya ranar manoma a farkon Satumba. Aka buga ƙaton kyalle a wurin masu ɗab'i na Sabon Gari, da hotonsa yana riƙe da reshen wake, sai ka matso sosai kafin ka ga reshen. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Aka kwaso manoma a bas biyu daga Bomo da Hayin Dogo, aka raba musu hula da lemo. Har 'yan Zumuntar Mata na cocinsu aka gayyato da tulunansu na kiɗa, aka ce musu duk lokacin da Farfesa ya ɗaga hannu su yi tafi.

Baƙuwar ta iso a kan lokaci, abin da ya ɗan ɓata tsarin. Sunanta Dakta Mojisola Adeola, 'yar gajeruwar mace, da takalmin roba na shiga gona da wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Farfesa ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaya da Turanci ko shugaban tawagar yana tafe a baya. Ta ce ita ce tawagar.

Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin filin saboda farin takalminsa, ya hau, ya buɗe jawabi mai shafi goma sha tara. Ya fara daga halittar duniya. Zuwa shafi na shida an iso haihuwarsa. Dakta Mojisola ta saurara har minti arba'in, tana kallon waken, tana ɗan karkata kai. Da aka kai shafi na tara sai ta tashi, ta buɗe jakarta ta ciro 'yar ƙaramar fartanya, ta ɗaga ƙafa ta tsallake wayar.

Farfesa ya tsaya a tsakiyar jimla. Ya juya ya yi ƙasa da murya, da Hausa, don kada baƙuwa ta ji.

“Yunana, tare ta! Matar nan za ta yi mini ɓarna.”

“Kada ka damu, Farfesa, guda uku kawai zan tuge,” in ji ta, da Hausar da ta fi tasa gishiri. “A Sabon Gari aka haife ni. Mamata wake take sayarwa a kasuwa, na san darajarsa.”

Ta haƙa a hankali, ta ciro guda ɗaya da ƙasarsa, ta nemi bokitin ruwa ta wanke saiwar, ta ɗaga. Sumul, kamar wutsiyar ɓera. Ta ciro na biyu, haka. Na uku, haka. Ta ce a yi mata afuwa, ta ƙara bakwai daga kusurwa daban-daban, ta jera su a kan teburin manyan baƙi kusa da lemo. Saiwa goma, babu gudaji ko na rantsuwa.

Wata tsohuwa daga Bomo ta miƙa wuya ta duba, ta koma ta zauna. “Ai wannan koren na buhu ne,” ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ta ɗauka raɗa ce. “Kowace shekara haka yake. Mu dai an ce mu zo mu karɓi hula.”

Dakta Mojisola ta juya wurin Baba Yunana. “Baba, me kake sa wa filin nan?”

Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. “Takin yuriya ne, ranki ya daɗe. Rabin buhu, sau biyu, da sassafe in an kwana da ruwa.”

“Tun yaushe?”

Ya ɗan lissafa da yatsu. “Bana shekara ashirin da bakwai. Wata damina Maigida ya zo ya ga ganye ya yi rawaya, ya ce in ya sake ganin haka in nemi wani aikin. 'Ya'yana biyar a lokacin. Sai na leƙa sito na ga ragowar takin masu gwajin masara. Tun daga ranar bai sake ganin rawaya ba, ni ma ban nemi wani aikin ba.” Ya dubi Farfesa da girmamawa. “Na ɗauka ka sani, ranka ya daɗe. Kowace shekara kana ce mini sannu da ƙoƙari.”

 Ƙaramin mutum da nan take ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma ba a zama Farfesa Gudaji na Afirka da ƙaramar zuciya. Ya yi kamar daƙiƙa goma yana kallon saiwoyin, sannan fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannu sama.

“Jama'a, kun ga abin da na daɗe ina zargi! Zagon ƙasa! Ko ɗan aji biyu ya san yuriya tana hana gudaji fitowa. Shekara ashirin da bakwai ana danne AKB-1 da takin zamani, ana shaƙe ta, ana hana ta numfashi. Ku yi tunanin abin da za ta yi da an bar ta! Wannan shi ne babban abin da na gano a wannan ƙarni, kuma a gabanku na gano shi.”

'Yan Zumuntar Mata suka ga hannu a sama, suka yi tafi, aka buga tulu.

Dakta Mojisola ta jira tafin ya lafa. Ta tambaya ko akwai inda aka shuka AKB-1 ba tare da yuriya ba, a ga abin da take yi in an bar ta.  Can daga bayan rumfa, inda take raba lemo, Susanna ta ce, “Akwai, Madam. Amma sai an ƙetare rafi.”

Aka ɗunguma. Baƙuwa a gaba, Susanna a gefenta, manoma a baya, har da 'yan Zumunta da tulunansu a ka, don ba sa son a ba su labari. Farfesa ya duba hanyar, ya ga taɓo, ya duba takalminsa. Ya ce shi ya riga ya san abin da za su gani, kuma jawabi amana ne, ba a barin sa a rabi. Ya karanta sauran shafi goman ga kujerun roba da direbobin bas biyu.

A ƙetaren rafi ba a yi jawabi ba. Kunyoyin AKB-1 suna nan rawaya, kamar masu jinya. Kusa da su kunyoyin ƙwayar ƙauyen su Susanna, kore, sun yi 'ya'ya. Dakta Mojisola ta tuge guda, gudaji reras tun daga wuya har ƙasa. Ta sa farce ta fasa ɗaya, cikinsa ja kamar tsokar nama. Ta miƙa wa tsohuwar Bomo, tsohuwa ta duba ta ce wannan kam na Allah ne.

“Damina nawa kika ga haka?” in ji baƙuwar.

“Biyar, Madam. Bana ta shida.”

“Ina kundin?”

“Yana jiran sa hannu.”

Dakta Mojisola ta nemi a ɗebar mata cokali ɗaya na garin AKB-1 a 'yar kwalba, ta ce za ta sa a duba mata shi a Ibadan da na'urar da ke gane asalin kowace ƙwaya.

Bayan mako biyu wasiƙa biyu suka zo. Ɗaya ta Susanna ce, sakamakon gwajin, shafi guda. Ta karanta sau uku, ta kama baki, sannan ta liƙa shi a ƙarshen kundinta ya zama shafi na 214. Ɗayar ta Farfesa ce. Gidauniya ta ce ba za ta ci gaba da kowace magana da sashen ba sai ta ga kundin Susanna James da sa hannun malaminta. Farfesa ya karanta “ci gaba da magana”, ya fahimci abin da ake nufi: jihohi shida suna jiran AKB-1, kuma wata 'yar takardar ɗaliba ce ta tare hanya. Duk da haka bai yi gaggawa ba, domin gaggawa ta ƙananan malamai ce. Sai ranar talatin ga Satumba, ƙarfe huɗu saura kwata, ya aika a kira ta. Tun safe tana baranda, ko ruwa ba ta iya sha ba don fargaba.

“Yallaɓai, na ƙara shafi ɗaya a ƙarshe,” in ji ta. “Da ka duba shi kafin ka sa hannu.”

“Susanna, a matakin da nake ba na karanta kundi. Auna shi nake yi.” Ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina sau biyu. “Ya yi nauyi.”

Ya zaro alƙalami ya zuba sa hannun nan nasa mai cin rabin shafi. Ta karɓa da hannu biyu, ta fita a hankali, tana kaiwa baranda ta cire takalmi ta zura da gudu. Ta isa ofishin manyan digiri magatakarda yana neman kwaɗon ƙofa.

A watan Nuwamba aka zauna kare kundi. Ɗakin taro ya cika, don labarin ranar manoma ya zaga Samaru har da ƙari. Mai jarrabawa daga waje shi ne Farfesa Nelson Gyang daga Jos, wani tsoho mai sanyin murya, wanda ke da wata muguwar ɗabi'a guda: in aka ba shi abu sai ya karanta. Ya yi awa biyu yana yi wa Susanna tambayoyi, tana amsawa, yana gyaɗa kai. Farfesa Gudaji yana kujerar gaba cikin sabuwar shadda, idonsa a lumshe, yana jiran inda za a ambace shi.

Aka ambace shi.

“Kafin mu rufe, ina da tambaya ɗaya ga malaminta,” in ji Farfesa Gyang. “Ita uwar kwalbar AKB-1, wadda daga cikinta ake ɗibar duk sauran, wa yake buɗe ta? Wa yake sabunta ta?”

Farfesa Gudaji ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya juyo ya fuskanci jama'a don na baya ma su amfana.

“Ni kaɗai. Tun 1991 babu ɗalibi, babu ma'aikaci, babu wani mahaluki da ya taɓa buɗe wannan kwalba. Kowace shekara ni nake sabunta ta, a ofishina, da wannan hannun da kuke gani. Ko safar hannu ba na sawa, domin tsakanin uba da 'yarsa ba a sa shamaki. A rubuta wannan a tarihi.”

“Za a rubuta,” in ji Farfesa Gyang, ya kuwa rubuta. Sannan ya buɗe shafi na 214 ya karanta da muryarsa mai sanyi, kamar mai karanta sanarwar coci. Gwajin Ibadan ya nuna cewa abin da ke cikin AKB-1 ba ƙwayar saiwa ba ce, ba ma ta ƙasa ba ce. In ma an taɓa samun ta saiwa a kwalbar, ta daɗe da mutuwa, wata ta gaje gidan. Wadda ake ta raino ana shafa wa iri duk shekarun nan, irin ƙwayar nan ce da ke zama a fatar mutum, musamman tsakanin yatsu, in ba a cika wanke hannu ba.

Ya rufe kundin. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin malamin da ya sa hannu a kan irin wannan magana game da kansa ba, kuma ya jinjina wa wannan tawali'u. Ya juya ya ce, “Dakta Susanna James, barka.”

Susanna ta rufe fuska da gyalenta. Ɗakin ya ɗauki tafi. Farfesa yana tsaye har yanzu, hannun nan da ya ce a gani yana sama, ya rasa inda zai kai shi. A hankali ya sauke shi ya cusa a aljihu.

Washegari da ƙarfe goma saura ya iso ofis, ya tarar da buta cike da ruwa da sabon sabulu a bakin ƙofarsa. Har yau ba a san wanda ya ajiye ba.